Dashen kajinjiri daga wajen masu fulawa na bakin kogin Kaduna: kaya mai kyau, amma a yi hattara da bakin yaron shago

Idan dabinon buɗa-baki kake nema, kada ka sayi kajinjiri, ko da mai sayarwa ya dafa maka Alƙur'ani. Idan kuwa kana da fili mai danshi, ko gaɓar rafi da ruwa ke ci duk damina, ko gefen tafkin kifi da kake so wa inuwa da shinge, to wurin da zan ba ku labarinsa yana da kaya mai kyau, kuma kuɗinsu ba na fitar hankali ba ne. A nan ne mutane ke asarar kuɗinsu: su sayi kajinjiri da sunan dabino, shekaru su wuce, su dawo suna zagin bishiyar da ba ta yi musu alƙawarin komai ba.

Gonata tana bayan gari ta hanyar Kachia, ƙorama ta ratsa ta ta gefen kudu. Duk watan Agusta sai ruwa ya ɗebi wani abu daga gaɓar, har ya fara matso wa tafkunan tarwaɗata. Wasu suka ce in shuka gora. Ni kuwa a wajen Lere na tashi, kuma na san irin gaɓar da ba ta zaftarewa a kurmin garinmu: wadda kajinjiri ya kafe a kanta. Saiwarsa ba guda ɗaya ba ce mai nutsawa ƙasa irin ta tsamiya. Dubban siraran jijiyoyi ne da suke saƙa kansu cikin laka, su riƙe ta gam. Ga shi kuma ba ya tsayawa shi kaɗai, kullum cikin fitar da 'ya'ya yake daga gindi, ta yadda dashe ɗaya yau zai zama gungu nan gaba. Abin da ya kai ni neman dashensa ke nan.

Wurin yana cikin jerin masu sayar da fulawa da dashen itatuwa da ke bakin kogi. Ba zan kama suna ba, tunda akwai abin da zan faɗa wanda ba yabo ba ne. Suna da injin jan ruwa daga kogin, saboda haka ko a tsakiyar rani kayansu shar suke. Gaba-gaba mangwaro ne da gwaiba da lemo da kashu, sai darbejiya da turare na masu neman inuwa, can ciki kuma aka ware wa dangin kwakwa kusurwarsu: kwakwar manja, kwakwar attagara, da wasu na ado da masu otal ke saye. Babu ko tukunya ɗaya da aka rubuta wa suna. Wannan shi ne aibin wurin na farko, kuma duk sauran daga shi suka samo asali, domin abin da aka gaya maka da baki shi ne kaɗai hujjarka.

Yaron shagon ne ya tare ni. Da na nuna abin da nake so, sai ya ce, "Baba, ka iya zaɓe. Wannan ai dabino ne ɗan Makka, shekara uku za ka fara ci." Na tambaye shi ko ya taɓa cin 'ya'yansa. Ya ce shi dai haka ya ji ana faɗa. Muna cikin haka maigidan ya iso, dattijo mai furfura, hannunsa duk laka. Da ya ji zancen sai ya daka wa yaron tsawa, ya juyo ya ce mini, "Malam, kada ka biye masa. Dabinon biri ne. In don ci ne, ka tafi Dutse." Wannan magana ita ta sa na tsaya na yi ciniki a wurin. Sai dai ba kullum maigidan yake nan ba, kuma ban san mutum nawa yaron ya sallama da ɗan Makkansa ba.

Gaskiyar dattijon ce. Kajinjiri da dabino 'yan gida ɗaya ne, masana na kiran kajinjiri Phoenix reclinata, dabinon ci kuma Phoenix dactylifera, amma buƙatunsu sun sha bamban. Dabino yana son ruwa a saiwa da busasshiyar iska mai zafi a lokacin da 'ya'yansa ke nuna, shi ya sa yake albarka a Bilma da Jado da Ingal a Nijar, da kuma Dutse ta Jigawa, inda cibiyar binciken kwakwa ta ƙasa, NIFOR, take da reshenta na dabino. A nan Kaduna, inda ruwan sama ke haura milimita 1,000 a shekara, laima kan lalata 'ya'yan dabino tun ba su ƙosa ba. Shi kuwa kajinjiri laimar nan ita yake so. Ɗan ƙasa ne, ba baƙo ba. Ana samunsa tun daga Senegal har Habasha, ya gangara har Afirka ta Kudu, ya tsallaka Madagaska da Yaman, daga bakin teku har kan tsaunuka masu tsayin kusan mita 3,000. Kusan ko'ina ka gan shi, ka duba da kyau za ka ga ruwa a kusa: bakin rafi, fadama, kwarin da ke cika da damina, ko gindin dutse inda ruwa ke tsattsafowa. Mafarauta da makiyaya sun daɗe da sanin cewa inda gungunsa ya yi kore a tsakiyar rani, ruwa bai yi nisa da saman ƙasa ba.

Ga yadda za ka rarrabe su da idonka, ba sai ka dogara da kowa ba. Ganyen dabino yana da ɗan toka-toka, ga tauri, kuma zarɓarsa miƙewa take yi sama. Na kajinjiri kore ne shar mai sheƙi, ya fi laushi, zarɓar kuma tana lanƙwasowa ƙasa. Ka juya bayan sabon ganye, za ka ga wani farin abu kamar ƙura ya bi jijiyar tsakiya, in ka murza da yatsa ya fita. Dattijon ne ya nuna mini wannan, ni da na yi shekaru ina koyar da aikin gona a sakandare ban taɓa lura ba. Amma duk wannan sai dashen ya fara fitar da ganye mai rassa. Yana ƙarami, ganyen farko falle ɗaya yake fitowa, dogo mai naɗe-naɗe, kuma a wannan matakin dabino da kajinjiri ba su da maraba a ido. Don haka wanda ya miƙo maka ɗan tsiro mai ganye biyu ya ce ga sunansa, ka sani amana kawai kake saye.

Iri biyu suke sayarwa. Akwai wanda aka rena daga ƙwallo a cikin baƙar leda, akwai kuma ɗan da aka ɓamɓaro daga gindin uwa. Na leda mai tsayin gwiwa na saya a kan Naira 4,000 kowane ɗaya, ɓamɓararre mai kai ƙirji kuma Naira 15,000, bayan an sha ciniki. Farashin yana bin irin motar da ka zo da ita, domin a gabana aka faɗa wa wata hajiya kusan ninki biyu, ta kuma biya ba ta ce uffan ba. Ka ajiye motarka nesa ka tako da ƙafa.

Abin da ya fi burge ni shi ne da na ce ina son ganin saiwa, dattijon bai yi gardama ba. Ya ce in zaɓi duk wadda na ga dama. Na nuna wata daga tsakiyar layi, ya sa wuƙa ya farke ledar daga sama har ƙasa. Ƙasar ta fito dunƙule guda ba ta wargaje ba, baƙa mai ƙamshin tsohon taki, farare-fararen saiwoyi masu kauri sun ratsa ta ko'ina, bakinsu ɗanye. Ba su kanannaɗe a gindin ledar ba, ba su kuma huda ta sun kama ƙasa ba, alamar ana ɗaga su ana canza musu wuri a kan kari. Wanda ya san harkar dashe ya san wannan shi ne aikin. Sau da yawa za ka ga tsiro ya yi kyau a sama, ashe rabin saiwarsa tana cikin ƙasar gandun, ranar da aka fizge shi a ba ka ranar ya fara mutuwa. Na kuma tambaye shi inda yake samo ƙwallon. Ya ce daga kurmi ake kawo masa, ba daga lambunan cikin gari ba. Tambayar tana da dalili: dangin dabino suna saurin barbarar juna, ƙwallon da aka tsinta kusa da wasu nau'o'in na ado yakan ba da ruwa-biyu, ka rasa gane abin da ka shuka.

Sai dai ƙasar ledar tana ɗauke da aya-aya. Kusan kowace leda na tarar da ita, kuma duk manomi ya san in aya-aya ta shiga fadama sai dai haƙuri. Na zauna na tsince ƙwayoyinta da hannu kafin in dasa. Wuri mai wannan ƙwarewar bai kamata ya riƙa raba wa mutane ciyawa kyauta ba.

Na dasa da ruwa ya zauna, rami mai zurfin gwiwa, ƙasar sama haɗe da ruɓaɓɓen kashin shanu, tazarar kamar mita biyar tsakani, saboda gungun yana buƙatar wurin buɗewa. Dattijon ya ja kunnena a kan abu ɗaya, kada in binne zuciyar, wato inda sabon ganye ke fitowa. Kwakwa da danginta ido ɗaya gare su, in ya ruɓe kututturen ya tafi ke nan. Saiwa ta sha ruwa iya shanta, ko ambaliya ta kwana biyu ba ta dame shi ba, amma kada laka ta rufe zuciyar.

Na leda duk sun kama. Ɓamɓararrun ne suka ba ni ciwon kai. Wasu daga ciki ganyen tsakiyarsu ya bushe, da na ja sai ya zare a hannuna yana wari. Da na tono sai na ga an yanko su daga uwa da saiwa ƙalilan, ba a kuma bar su sun huta a gandun sun yi sabuwa ba kafin a sayar. Na koma da su a buhu na zube a gabansa. Ya duba ya duba, ya ce, "Wannan namu ne, Malam," ya musanya mini ba tare da ƙarin ko kwabo ba, kuɗin kurkurar ɗauko su ne kawai ya hau kaina. Na yaba da hakan, amma ya ci mini rabin damina. Shawarata ga mai saye ita ce, in ba wani dalili ba, ka ɗauki na leda. Ya fi arha, ya fi kamawa. Amfanin ɓamɓararre ɗaya ne tak: jinsinsa na uwarsa ne. Kajinjiri yana da namiji da mace a bishiya daban-daban, macen ce ke 'ya'ya, kuma sai da namiji a kusa. Wanda aka rena daga ƙwallo ba a sanin ko wane ne sai ya yi fure, bayan shekaru. In kana son 'ya'ya don tsuntsaye ko don yara, to nan ne ɓamɓararre daga sananniyar uwa yake da rana.

A shekarar farko kada ka sa ran ganin wani abu. Zama yake yi kamar ya yi fushi, ashe aikin a ƙasa yake. Da rani nakan sako masa ruwan da na zubar daga tafkin kifi, wanda yake ruwa ne da taki a haɗe, kuma waɗanda ke samun wannan sun fi sauran kore nesa ba kusa ba. Na ba maƙwabcina guda biyu ya dasa a kan tudu mai tsakuwa a ƙofar gidan gonarsa. Ba su mutu ba, domin bishiyar tana da juriya, amma sun yi rawaya sun tsugune, har yau ba su wuce yadda aka kawo su da wani abin kirki ba. Wanda ke Kano ko Katsina ko Maraɗi yana sha'awarsa, sai ya tanadi ban ruwa na din-din-din, ko ya nemi bakin fadama. Rana ba ta dame shi ba, inuwa kaɗan ma yana ɗauka, kuma hunturu bai yi masa komai ba a wurina. Nawa yanzu sun fara fitar da 'ya'ya a gindi, kuma a daminar da ta wuce gaɓar da suke kai ba ta motsa ba, alhali can ƙasa inda ban dasa ba ruwa ya sake gutsura.

Yanzu ƙaya. Babu wanda ya yi mini maganarta a wurin, kuma ya kamata a ce ita ce gargaɗin farko. Ganyayen da ke gindin kowace zarɓa ba ganye ba ne, tsinke ne mai tsawon yatsa ko fiye, mai kaifin gaske. Wajen lodi ɗaya ta soki mai kurkurar a tafin hannu, bakin ya karye a ciki, hannun ya kumbura sai da ya je aka ciro masa. Ƙayar dangin dabino haka take, tana karyewa a cikin nama ta ja ƙari. Ma'aikatan gandun da hannu tsirara suke aiki, babu safar hannu, ba su kuma ɗaure zarɓar ba kafin su ɗora. Ka tafi da igiya da tsohon buhu, ka sa a naɗe gindin a gabanka. Kada kuma ka dasa shi a tsakar gida, ko bakin ƙofa, ko inda yara ke guje-guje, domin ƙayar tana daidai idon yaro ne. A iyakar gona kuwa ita ce amfaninsa. Gungun da ya cika, saniya ba ta ratsa shi, ɓarawon kifi ma sai ya yi tunani.

Idan ya girma yakan kai mita 10 ko fiye, siraran kututtura suna karkata waje daga tsakiya, zarɓa ɗaya tana iya kai mita uku zuwa huɗu. Wanda ke son ado sai ya riƙa rage 'ya'yan gindin ya bar uku ko biyar, ya share busassun zarɓa. Ni da shinge nake so, barin su nake yi su cunkushe.

'Ya'yan kansu ba abin da za a kai kasuwa ba ne. Tsawonsu bai wuce santimita biyu ba da wani abu, ruwan lemo in sun fara nuna, su koma ja-ja mai duhu, ƙwallo ya cinye wuri, tsokar 'yar siririya. Akwai zaƙin dabino a ciki in sun nuna sosai, ɗanye kuwa bauri ne zai kama maka harshe. Muna yara mukan sare nonon gaba ɗaya mu yayyafa masa ruwa mu rufe da ganye ya kwana biyu ya nuna, in birai ba su riga mu ba. Su da tsuntsaye su ne masu shi, su ne kuma suke yaɗa ƙwallon a bakin rafuka.

Dukiyar bishiyar a ganye take. Sabon ganyen da bai buɗe ba shi ake yanka, a shanya, a tsaga siri-siri, a rina, a yi saƙa. Ya fi kabar goriba laushi da santsi, shi ya sa tabarma ko malfa ko faifan da aka yi da shi yake fitowa da ƙananan ido. A gabar tekun Tanzaniya da Kenya da tsibirin Zanzibar sana'a ce babba ta mata, kyawawan tabarminsu masu launi da wannan ganyen ake saƙa su. Kiristocin Habasha da shi suke fita ranar bikin Hosanna. A Uganda kututturen ake sarewa a yi dirkar shinge da gini, har abin ya rage shi a fadamu da dama. A kudancin Mozambik da arewacin KwaZulu-Natal kuma bammi ake tatsa daga gare shi, ta hanyar yanke kan kututturen, wanda yawanci yakan kashe wannan kututturen, sai dai gungun ya sake tohowa daga gindi. Busasshiyar zarɓa tana tsintsiya mai kyau, kuma a gandun nan ma suna ɗaure waɗanda suka sassabe su sayar da arha. Wata tsohuwa mai saƙar faifai a ƙauyen da ke kusa da gonata ta riga ta zo ta duba nawa ta ce, "Ɗan nan, in sun isa ka tuna da ni." Na ce mata sai gungu ya cika, kuma ba za a yanki sabon ganye fiye da ɗaya a kututture ɗaya a lokaci guda ba, don yawan yanka yana raunana shi.

Wani abokina da ya yi karatu a Indiya ya tambaye ni ko wannan ne ake yin sukari da shi a can. Ba shi ba ne, ɗan'uwansa ne, Phoenix sylvestris, mai kututture ɗaya wanda ba ya gungu. A Bangaladash da yankin Bengal na Indiya ana fere gefen wuyansa a lokacin sanyi, a rataya tukunya ta kwana tana tarar ruwan, da asuba a dafa shi har ya daskare ya zama irin mazarƙwailarmu. Shan ruwan ɗanye kuwa yana da hatsari, domin jemagu na lasar tukwanen da dare, kuma ta nan cutar Nipah take kama mutane a Bangaladash, inda aka fara samun ɓullarta a ƙasar a shekarar 2001. Ban ga wannan nau'in a gandun ba, kuma dattijon bai yi da'awar yana da shi ba.

Wurin ba ya ba da rasit, ba ya kai kaya gida, sai dai su kira maka mai kurkura ku daidaita. Bayan an sayar babu mai bibiyarka, amma in ka koma da tambaya dattijon zai ajiye abin da yake yi ya saurare ka. Ka je da safe kafin masu motoci su cika wurin, ka nemi maigidan da kansa, ka sa a farke leda ɗaya a gabanka, ka juya bayan ganye ka duba. In ɓamɓararre za ka ɗauka, ka tambayi yaushe aka yanko shi, kuma kada ka karɓi wanda bai yi sabon ganye a ledarsa ba. Na riga na yi masa magana ya ware mini mata biyu daga uwar da na ga nononta da idona, ya rene su a leda tun yanzu, in ɗauka a watan Yuni. Ya nemi in ba da rabin kuɗi, na ce masa sai na ga saiwa.